Mai kemis a garin 'yan yawon buɗe ido: ya rayuwarsa take, kuma me ke maida shi babban gari?

Ƙanena sannu da ƙoƙari. Kace kana shekarar ƙarshe a karatun famasi, kuma ka ji ana cewa a garuruwan shaƙatawa na ƙasashen waje, irin waɗanda baƙi ke cikawa lokacin hutu, mai kemis yakan zama mutumin da gari ke ji da shi, wani har ya shiga majalisa ko ya zama magajin gari. Kana son sanin ya rayuwar irin wannan mutumin take, sannan me ya haɗa sayar da magani da jagorancin jama'a. Toh bari in baka amsa a matsayina na wanda ya daɗe a bayan kanta, kuma zan ɗauko maka labarin mutum ɗaya ne mu bi shi a tsanake, don in na tsaya jero maka ƙa'idoji kawai ba abin da zai zauna maka.

Abin da zaka fara riƙewa shi ne, a irin wannan gari magani kaɗai baya riƙe shago. Lissafi ne kawai. 'Yan garin na asali kaɗan ne, likita ɗaya ne ko ma babu, takardun magani da zasu zo maka a rana basu taka kara sun karya ba. Baƙi kuma suna da yawa amma na wata uku ne ko huɗu, kuma ba don rashin lafiya suka zo ba, sun zo hutawa ne. Saboda haka mai kemis ɗin dole ya zama ɗaya cikin biyu, ko dai ya zauna yana ƙirga ƙudaje har ya rufe, ko kuma ya fita ya nemo hanyar da baƙin nan zasu tsaya a garin. Ranar da ya zaɓi na biyun, daga ranar ya fara yi wa garin gaba ɗaya aiki ko ya sani ko bai sani ba, don motar da ta tsaya saboda shi zata sha mai a gidan man maƙwabcinsa, mutanen cikinta su ci abinci, wasu su kwana a masauki. Daga nan shugabancin yake farowa, ba daga farar rigar ba.

Mutumin da nake so ka sani sunansa Ted Hustead. Ɗan jihar Nebraska ne a Amurka, mahaifinsa likita ne, shi kuma ya gama karatun harhaɗa magunguna a jami'ar Nebraska a 1929, wato shekarar da kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe tattalin arziki ya shiga halin ni-'yasu. Mahaifin ya rasu ya bar masa gadon dala 3,000, sai shi da matarsa Dorothy, wadda malamar makaranta ce, suka fara neman ƙaramin gari da zasu sayi kemis. Sharuɗɗansu biyu ne, garin ya zama ƙarami, kuma ya zama akwai cocin Katolika da zasu riƙa zuwa ibada kullum. A Disamban 1931 suka sayi wani kemis a garin Wall da ke jihar Dakota ta Kudu. Mutanen garin a lokacin 326 ne. Ka sake karantawa, ɗari uku da ashirin da shida, kuma yawancinsu manoma da makiyaya ne da fari ya gama da su, don shekarun nan na 1930 su ne na guguwar ƙura da farin ɗango a wannan yanki, ƙasa ta bushe iska tana kwashe ta tana rufe gonaki. Dangi duk basu so ba, surukinsa ma ya nuna cewa wannan wuri ai ƙarshen duniya ne. Suka yi alkawari tsakaninsu zasu gwada shekara biyar, in bai yi ba su tattara.

Ka duba yadda shekarun farkon suka kasance don nan ne ainihin rayuwar mai kemis na ƙaramin gari. Basu da kuɗin haya, a bayan shagon suke kwana da ɗansu Bill, bargo suka rataya ya raba ɗakin kwana da wurin ciniki. Wuni guda sai ya wuce mutum kaɗan ne suka leƙo. Ted har sai da ya koma yana karanta ilimin maganin dabbobi don ya iya taimakon makiyayi in saniyarsa ta kwanta, kuma wannan ba abin raini bane, duk wanda ya yi aiki a karkara ya sani, mutumin da bazai sayi maganin tarinsa ba zai sayi na saniyarsa ko ya ci bashi. Shekara huɗu da rabi suna cikin wannan hali. Abin da suka tara a lokacin ba kuɗi bane, sanin mutane ne, waye ke da hawan jini, gidan wa aka yi haihuwa, waye bazai iya biya ba sai kaka.

Amma fa garin yana da wani abu da bai san yana da shi ba. Yana bakin wani yanki mai duwatsu da kwazazzabai masu ban mamaki da ake kira Badlands, sannan babbar hanyar da ke zuwa yamma wajen tsaunukan Black Hills tana wucewa ta gefensa, can kuma tun 1927 ake sassaƙa fuskokin shugabannin Amurka huɗu a jikin dutsen Rushmore, aikin da sai 1941 aka tsaya. Mutane suna tururuwa a mota zuwa kallo. Suna wucewa ta Wall, ba mai juyowa.

Wata ranar Lahadi a watan Yulin 1936, rana ta take, Dorothy ta shiga ciki ta ɗan kwanta sai ƙarar motocin kan hanya ta hana ta barci. Ta fito tace wa mijin, mutanen nan sun yi tafiya mai nisa cikin zafi da ƙura, me suke so in ba ruwan sanyi ba, mu kuma muna da ruwa muna da ƙanƙara, me zai hana mu kafa alluna a bakin hanya muce su zo su sha kyauta. Ta tsara 'yan gajerun baituka, aka rarraba su a kan alluna a jere ta yadda direba zai karanta ɗaya ya matsa ya karanta na gaba, salon da wani kamfanin man aski mai suna Burma-Shave ya yi suna da shi a lokacin. Ted ya ɗauki wani yaro suka je suka kakkafa. Kafin ya dawo shago mutane sun fara layi. Wanda ya sha ruwa sai ya sayi ayis kirim, wani ya cika jarkarsa, wani ya tambayi hanya ya sayi wani ɗan abu. Da bazara ta zagayo sai da suka ɗauki 'yan mata takwas aiki.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe ido, don mutane da yawa suna bada labarin nan kamar wata dabara ce ta sihiri. Ruwan sanyi kyauta ba sabon abu bane, kusan kowane kemis a Amurka a wancan zamanin zai baka in ka roƙa. Abin da ba wanda ya yi shi ne ya fita titi ya faɗa. Kamar dai randar da ake girkewa a ƙofar gida a ɗora moɗa a kai, ruwan cikin gida ne dai, bambancin kawai an fito da shi inda mai wucewa zai gani bai sai ya yi sallama ya ji nauyi ba. Kuma ka tuna motocin lokacin babu na'urar sanyaya ciki, hanyoyi da yawa ba kwalta, injin kansa yana tafasa yana neman ruwa. Matar ta gano buƙata ce ta gaske. Mijin kuma yana da abin da ya sa baƙo zai yarda ya tsaya, wato sunan kemis, wuri ne mai tsabta da mutum zai shiga da iyalinsa hankali kwance.

Wataƙila kace to me ya kawo ayis kirim cikin kemis. Ai a Amurka ta wancan lokacin haka abin yake, kusan kowane kemis yana da kanta ta musamman inda ake haɗa lemo mai gas, saboda mai harhaɗa magani shi ya iya sarrafa gas da sirop da ɗanɗano. Coca-Cola mai harhaɗa magunguna ne ya haɗa ta, John Pemberton a Atlanta a 1886. Dr Pepper ma haka, Charles Alderton a Waco a 1885. Pepsi kuma Caleb Bradham ne a garin New Bern. Da aka haramta giya a ƙasar daga 1920 zuwa 1933 sai wannan kantar lemon ta zama majalisar gari, nan ake haɗuwa a yi hira a ji labari. Kaga kenan mai kemis yana tsaye a inda duk zancen gari ke bi ta gabansa, kuma a ƙaramin gari yana cikin 'yan tsirarun da suka yi jami'a, ya iya rubutu da lissafi, yana riƙe da littafin bashin rabin gari, ya san sirrin cutar mutane kuma bai faɗa ba. In za a kafa kwamiti wa za a kira?

A jihar nan dai, a shekarun nan dai, akwai wani misalin da ya fi fitowa fili ta fuskar siyasa. Mahaifin Hubert Humphrey mai kemis ne a ƙaramin garin Doland kuma ya yi magajin garin, da kasuwa ta karye ya koma Huron a 1931 ya buɗe wani. Ɗan ya bar jami'a saboda rashin kuɗi, ya je Denver ya yi kwas ya samu lasisi, ya tsaya kanta tare da uban har 1937. Daga baya ya zama magajin garin Minneapolis a 1945, ya zama sanata, ya zama mataimakin shugaban Amurka daga 1965 zuwa 1969. Ba wai kemis ne ya bashi kujerar ba, amma shekarun da ya yi yana sauraron manoman da basu da kuɗin magani makaranta ce.

Mu koma Wall. Ted da ya ga abin da allo ya yi sai ya kama shi hannu bibbiyu. Alluna suka yi ta ƙaruwa suna nisa, har suka kai dubbai a faɗin ƙasar. Lokacin yaƙin duniya na biyu wani abokinsu ya tafi Turai da allunan, sojoji suka ɗauki abin wasa suna kafawa duk inda suka je suna rubuta mil nawa ne daga nan zuwa Wall Drug, wato sunan shagon nasu, daga baya Ted da kansa ya biya kuɗin talla har a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan. Mutumin da ke gari mai mutum 'yan ɗaruruwa fa. Ɗansa Bill shima ya karanci famasi ya dawo shagon a 1951, kuma shi ne ya faɗaɗa wurin sosai, gidan abinci, shagunan tsaraba, zane-zanen rayuwar kaboyi, har da ɗan ƙaramin ɗakin ibada na matafiya. Kofi kuma har yau sisin Amurka ne, senti 5.

Sai 1965 ta zo da abin da ya kusa yanke musu jijiya. Gwamnatin Lyndon Johnson ta yi dokar ƙawata manyan hanyoyi, wadda matarsa Lady Bird ta tsaya a kai, dokar ta taƙaita kafa allunan talla kusa da manyan titunan tarayya. Ga kuma sabuwar babbar hanya mai lamba 90 da ta bi ta gefen gari ba ta tsakiya ba. A nan ne zaka ga abin da nake nufi da cewa maslahar shago da ta gari sun zama ɗaya, don in aka tuge allunan ba Hustead kaɗai zai ji a jikinsa ba, masu masauki da gidajen mai da matasan da ke samun aikin bazara duk sun shiga uku. Suka gina wani ƙaton gunkin dabbar zamanin da mai tsawon ƙafa 80 a kusa da sabuwar hanyar don ido ya kama, suka riƙa raba sitika kyauta ana mannawa a mota, mota kuwa ba dokar da ta hana ta yawo da talla. Bill ya shiga majalisar dokokin jihar. Sojojin da ke gadin rumbunan makamai masu linzami da aka binne a yankin lokacin yaƙin cacar baka, in sun tsaya ana basu kofi da donot kyauta. Yau garin mutum wajen 700 ne, amma baƙin da ke shiga shagon a shekara sun kai wajen miliyan 2. Dorothy ta rasu a 1995, Ted ya rasu a Janairun 1999 yana da shekara 96, Bill ya bi shi a cikin shekarar. Har yanzu wurin yana hannun zuri'arsu.

Toh amma tunda ni ɗan sana'a ne ba mai tallan yawon buɗe ido ba, bari in faɗa maka ra'ayina tsakani da Allah. A matsayin kasuwanci da raya gari, abin da suka yi sai dai a sara musu. A matsayin famasi kuwa, kasuwar ta haɗiye sana'ar. Wanda ya shiga wurin yau zai yi yawo cikin huluna da takalma da kayan wasa kafin ya gano inda magani yake, har an yi gidan tarihi na yadda tsohon kemis ɗin yake, wato abin da aka fara da shi ya koma abin kallo. Wannan shi ne jarrabawar duk mai kemis a garin baƙi. Ribar da ke cikin tabarau da man shafawa da tsaraba ta fi ta maganin hawan jini nesa ba kusa ba, kuma ba ta buƙatar ka tsaya kana bayani. A hankali sai ka wayi gari kai ɗan kasuwa ne mai lasisin famasi a rataye a bango. Ba haramun bane, amma ka san abin da ka zaɓa.

Kuma aikin kansa a lokacin baƙi yana da wuyar da ba a koyarwa a aji. A yankin su Wall kakar tana farawa ne ƙarshen Mayu ta ƙare farkon Satumba, da cunkoso na musamman a Agusta lokacin taron masu babura na garin Sturgis, sauran watannin kuma sanyi ne da dusar ƙanƙara. Kenan a wata uku zaka nemi abin da zai riƙe ka wata goma sha biyu. Odar kaya kaɗai ta isa ta hana ka barci, ka yi kaɗan ya ƙare ana tsakar ciniki, ka yi da yawa ya kwana a shelf har ya lalace kafin baƙi su dawo, jari ya narke. Abin da baƙo ke zuwa nema kusan iri ɗaya ne ko'ina, ƙunar rana, jiri da amai na mota, gudawa saboda canjin ruwa da abinci, cizon ƙwari, bororo a ƙafa, ciwon kai na rashin shan ruwa. Waɗannan masu sauƙi ne. Mai wuyar shi ne dattijon da zai shigo yace ya manto maganinsa a gida, bai san sunansa ba sai dai yace ƙaramin fari ne, matarsa tana mota tana danna ham, kai kuma baka san me yake sha ba, baka san yanayin ƙodarsa ba, kuma gobe yana wata jihar bazaka sake ganinsa ba balle ka gyara in an samu matsala. Nan ake gane famasist. Ka zaunar da shi, ka nemi lambar kemis ɗinsa ko likitansa ka kira, ka auna jininsa, in insulin ne ka tambayi awa nawa ya yi a cikin mota mai zafi. Sannan akwai wanda ya san sarai cewa kai baka san shi ba, shi yasa ma ya zo wurinka da labarin ciwon baya yana neman ƙwayar da a garinsu an daina bashi. Garin baƙi yana jan irin waɗannan sosai, kuma cewa a'a cikin mutunci rabin aikin ne.

Wani lokacin kuma buƙatar baƙon ce take buɗe ƙofar ƙirƙira ta cikin sana'ar, ba sai an bar ta ba. A Miami Beach, garin shaƙatawa na bakin teku a Florida, wani mai harhaɗa magunguna Benjamin Green ya ɗauki wani jan man jelly mai kauri da sojoji ke shafawa don kare fata daga rana a lokacin yaƙi, a 1944, ya gauraya shi da man koko da man kwakwa ya zama abin da mutum zai iya shafawa bai ƙyamata ba. Shi ne asalin man kare fata daga rana mai suna Coppertone. Ni wannan hanyar ta fi kwanta min a rai, don ilimin da ya karanta ne ya yi masa aiki.

Maganar shugabancin kuma kada ka ɗauka alheri ne zalla. Ranar da ka shiga majalisar gari ka yanke hukunci kan inda za a yi tashar mota ko wa za a ƙara wa haraji, rabin kwastomominka sun zama 'yan adawa, kuma mutum baya son karɓar maganin basir daga hannun wanda suka yi cacar baki da shi jiya a taro. Ga zargin son kai, don duk titin da ka nemo wa gari za a ce don ya bi ta ƙofar shagonka ne, kuma sau da yawa akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ga sirrin marasa lafiya da ke cikinka wanda ko da wasa bai halatta ya fito a fagen siyasa ba. Su Hustead sun fi yin tasirinsu ne ta hanyar samar da aiki da jawo baƙi, kuma ka lura uba da ɗa duk famasist ne, ba sai an bar kanta ba kowa ba.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da ya shafe ka kai tsaye. Ko a nan gida dokar hukumar PCN, mai kula da harkar famasi a Najeriya, ta ce kowane famasi sai da famasist mai rijista da ke kula da shi, ba a barin yaron shago da makulli a tafi taro. Saboda haka in har wata rana jama'a suka fara jan rigarka zuwa kwamitin asibiti ko ƙungiyar 'yan kasuwa ko kansila, kafin ka amsa ka zauna ka lissafa ko shagon zai iya biyan albashin famasist na biyu har a watannin da babu baƙi. In bazai iya ba, kace musu su ƙara maka lokaci.